Wa ya fi biya da tsada a Tsubasa? Muhawarar 'yan zauren masu karanta bede (littattafan labarin zane)

Balarabe (Garwa): Assalamu alaikum 'yan zaure. Waɗanda suka karanta Tsubasa, littafin labarin zanen nan na Japan, har ƙarshe su fito, ƙara na kawo. Na kai inda ayarin ya sauka a Tokyo ɗin nan da ruwan samanta ke cin fata, kuma abin da Shaolan ya yi wa Fay ya tsaya mini a wuya. Juzu'i 14 cur ana nuna mana yaro mai ladabi, mai cika alkawari, wanda ya sadaukar da abin da ya fi so don ya ceci yarinya. Sai kawai a wayi gari a ce ai kwafi ne aka ƙera, ba shi da zuciyar kansa, har ya ƙwaƙule idon abokin tafiyarsa ya cinye. Ni dai a wurina an ci amanar mai karatu.

Sadiku (mai kula da zaure): Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa: duk wanda bai gama littafin ba kuma ba ya son a tona masa, ya tsallake wannan hirar. Na ga alamar yau ba a bar komai a rufe.

Usmanu (Marwa): Wane ido kuma? Ni na kalli katun ɗin kaf, kashi 52, ban ga wanda ya ci idon wani ba. Ko dai wani Tsubasa ne daban, ba na ƙwallo ba, ba kuma nawa ba?

Maryama (Ngaundere): Yaya Usmanu, kai ai a bakin ƙofa ka tsaya. Katun ɗin da kamfanin Bee Train ya yi wa tashar NHK a 2005 da 2006 bai kai Tokyo ba sam. Zango na biyu ma rabinsa ƙirƙira ce, babu ita a littafi. Daga baya wani kamfani, Production I.G, ya yi kashi 3 a kan Tokyo, ya ƙara kashi 2 a kan komawarsu ƙasar Kurogane, shi ke nan. Ƙarshen labarin ba a taɓa yin katun ɗinsa ba. Littafin kuwa juzu'i 28 ne, ya riƙa fitowa a mujallar mako ta kamfanin Kodansha daga 2003 zuwa 2009.

Usmanu (Marwa): To ni nawa ya ishe ni. Kiɗan kawai ya biya ni kuɗin data.

Hauwa'u (Garwa): Don Allah a yi mana bayani mu 'yan baya. Ni sunan kawai nake ji a bakin ƙanena.

Maryama (Ngaundere): A taƙaice, Anti Hauwa'u: Sakura gimbiya ce a wata ƙasar hamada mai suna Clow. Shaolan abokinta ne tun yarinta, ɗan mai tonon kufai. Wata rana a cikin kufan, duk abin da ta sani na rayuwarta ya fice daga jikinta ya zama gashin tsuntsu, ya watse cikin duniyoyi daban-daban. In ba a tattaro ba za ta mutu. Aka tura Shaolan da ita wurin Yuko, wata mata mai biya wa mutane buƙata amma sai an biya ta daidai da abin da aka nema. A can ya tarar da mutum biyu da suka iso lokaci ɗaya da shi. Kurogane jarumi ne da uwargijiyarsa Tomoyo ta kore shi saboda yawan kisa, shi burinsa ya koma gida. Fay matsafi ne da ya gudo daga ƙasar Seles, shi burinsa kada ya sake taka gida. Shaolan kuma yana son ya zaga ko'ina. Buƙatu uku masu karo da juna, amma hanya ɗaya ce: ƙetare duniyoyi. Ba wanda zai iya biya shi kaɗai, sai suka yi karo-karo. Ta ba su wata 'yar halitta fara mai dogon kunne, Mokona, ita ce motarsu, ita ce tafintarsu.

Habu (Kusiri): Ni wannan wurin cinikin ne ya kama ni, don sana'ata ke nan. Ku lura, matar ba ta karɓar tayi. Fay ya miƙa mata sandarsa ya ce ga shi, ta ce albarka, zanen da ke bayanka nake so. Kurogane ya yi ta kumfar baki a kan takobinsa, ƙarshe dai ya miƙa. Shaolan kuwa ba ta taɓa aljihunsa ba, ta ce masa ko ka tattaro gashin nan duka, yarinyar ba za ta tuna ko kai wane ne a wurinta ba. Ya sallama nan take. Amma fa ina da ja a kan lissafinta. In an ce kowa ya ba da abin da ya fi daraja a wurinsa, ai Kurogane ya ci riba. Can gaba an nuna takobin da ya bayar kwaikwayo ne, na ainihin, na mahaifinsa, yana ajiye a ƙasarsu, kuma Tomoyo ta damƙa masa shi da ya dawo. Mutum ya ba da kwafi, wani ya ba da soyayyar yarinta, a ce an yi daidai? A kasuwar Kusiri wannan sai an kira shaidu.

Maryama (Ngaundere): Yaya Habu, ba da kuɗin kasuwa take auna kaya ba, da nauyinsa a zuciyar mai shi take aunawa. A ranar Kurogane ba shi da abin da yake taƙama da shi sai ƙarfi, takobin nan kuwa shi ne ƙarfin. Kuma ka bi shi zuwa Seles ka ga abin da ya biya can. Duniyar tana rufewa da Fay a ciki, ya sare hannunsa na hagu da kansa ya bari a madadin, ya jawo Fay waje. Wanda ya fara tafiya yana cewa ba ruwansa da kowa.

Habu (Kusiri): Wannan wani ciniki ne daban, ƙanwata. Ni na farkon nake magana.

Balarabe (Garwa): Kun kauce wa ƙarata. Ni ba ruwana da takobi. Tambayata ita ce, in tun farko yaron kwafi ne, to me ya biya? Abin da ya ba Yuko ai ba nasa ba ne. Duk hawayen da na zubar lokacin da Sakura ta farka ta dube shi ta tambaye shi ko shi wane ne, ya fita waje cikin ruwan sama don kada a ga fuskarsa, ashe a banza na zubar.

Maryama (Ngaundere): A nan ne muka rabu, Yaya Balarabe. Shekarun da ya yi da Sakura a Clow shi ya yi su, ba wani ba. Shi aka tsinta a titi ba ya tuna komai, shi ta ba ranar haihuwarta don ba shi da tasa. Rabin zuciyar da yake ɗauke da ita aro ce daga Shaolan na ainihi, gaskiya ne, kuma wanda ya ara masa ya yi haka ne da fatan kafin aron ya ƙare tasa ta tsiro. A Tokyo aron ya ƙare ba ta bayyana ba, shi ya sa ka ga abin da ka gani. Ci gaba da karatu ka ga ko ta tsiro.

Sannan ba daga sama abin ya faɗo ba. Ka koma juzu'an farko ka ƙirga sau nawa aka nuna wani yaro mai kamarsa, ido ɗaya a rufe, cikin wani bututun ruwa. Ka tuna idonsa ɗaya ba ya gani, Kurogane ya gano haka tun suna ƙasar Oto. Matan CLAMP, ƙungiyar da ta yi littafin, sun yi ta ajiye mana alamu, mu ne hankalinmu ya tafi wurin barkwancin Mokona.

Usmanu (Marwa): Dakata, mata ne suka zana?

Sadiku (mai kula da zaure): Mata huɗu. Nanase Ohkawa ce ke rubuta labari, sauran ukun suna zane, ɗaya daga cikinsu ma sunan aikinta Mokona. Su ne suka yi Sakura mai farautar kati a shekarun 1990, wadda ƙannenmu mata suka riƙa kallo da Faransanci. A Tsubasa sun kwaso mutanen tsofaffin littattafansu sun zuba, fuska ɗaya suna ɗaya amma rayuwa daban a kowace duniya.

Hauwa'u (Garwa): Au, ita ce wannan Sakurar mai sanda? To na san ta.

Maryama (Ngaundere): Ita ce kuma ba ita ba ce, Anti. Kada mu buɗe wannan ƙofar yanzu, kai zai yi ciwo.

Malam Isa (Njamena): Salamu alaikum. Na daɗe ina karanta hirarku ban tanka ba. Ni ba tsaranku ba ne, abin da ya kawo ni shi ne 'yata. Na ga ta duƙufa a kan waɗannan littattafai tana buɗe su daga dama zuwa hagu, har na zaci Larabci ne, na yi murna. Da na duba na ga matsafa da zane-zanen tsafi, raina bai so ba. Na karɓe, na ce sai na karanta da kaina kafin in yanke hukunci. Maganar gaskiya har yanzu ba na jin daɗin yadda aka mai da mace mai tsafi ita ce mai hikimar labarin, kuma na gaya wa yarinyar haka. Mu mun san inda ake kai buƙata. Amma abu ɗaya ya sa na mayar mata da littattafan. Duk ƙarfin tsafin da ke ciki, labarin ya tsaya kai da fata a kan cewa wanda ya mutu ba ya dawowa. Mugun labarin, Fei Wan, duk ɓarnar da ya yi, ƙera yara, kashe iyayen Kurogane, watsa gashin nan, don ya karya wannan doka ce, kuma bai karya ta ba. Na ga fina-finan yara da yawa da ake tashin matattu kamar ana tashin mai barci. Wannan bai yi haka ba.

Balarabe (Garwa): Barka da zuwa Malam. Allah ya ƙara girma. Amma Malam, in an bi ta barauniyar hanya fa? Na ji an ce kwafin nan biyu sun mutu an sake haifarsu.

Sadiku (mai kula da zaure): Kai da ka ce a Tokyo ka tsaya, wa ya gaya maka?

Balarabe (Garwa): Haushi ya sa na leƙa intanet.

Maryama (Ngaundere): To tunda ka leƙa, a faɗa duka. Sakurar da muke tafiya da ita ma kwafi ce. Bayan su biyun sun mutu, Yuko ta biya da abin da ya rage mata na rayuwa aka sake haifarsu a wani zamani da ya wuce, suka girma, suka haɗu, suka yi aure, suka haifi ɗa. Ɗan nan shi ne Shaolan na ainihi, wanda daga jikinsa aka kwafi ubansa.

Usmanu (Marwa): Innalillahi. Ɗa ya haifi ubansa ke nan. Na gode wa Allah da na tsaya a katun.

Habu (Kusiri): Ka ga inda nake cewa littafin ciniki ya ruɗe. Daga farko har Seles ina iya bin kowane bashi in ga inda aka biya. Ruwa ya ƙare a Tokyo, Sakura ta fita ita kaɗai cikin kufai da dodanni ta ɗauko ƙwan da Yuko ta nema, ta dawo jina-jina, aka cika musu tafki. Wannan a fili yake, kuma duk wanda ya taɓa tonon yashi a mayo, wato busasshen kogi, da rani ya san ruwa ya kai wannan kuɗin. Fay zai mutu, Kurogane ya ce a raya shi, aka ba shi jinin Kamui, wani mai shan jini da ke Tokyo, shi ma ya zama mai shan jini, kuma jinin Kurogane kaɗai zai iya sha. Ka ce a raya shi, to ka ciyar da shi. Wannan ma adalci ne. Sakura ta sayar da sa'arta don ta kauce wa abin da ta gani a mafarki. Duk na yarda. Amma daga inda aka ce Shaolan na ainihi ya mai da lokaci baya, sai giɓi ya buɗe, sai aka samar da wani yaro, Watanuki, don ya cike giɓin, daga nan na daina gane wa ke bin wa. Kullum sai a ce an riga an biya tun da can. Dillalin da kullum yake ce maka an riga an biya amma ba ya nuna maka takarda, ka riƙe aljihunka.

Maryama (Ngaundere): Takardar tana cikin ɗaya littafin, xxxHolic, wanda suka riƙa fitarwa lokaci guda a wata mujallar. Watanuki shi ne jarumin can, yaron shagon Yuko. Akwai abin da za ka ga an jefa ta bakin farar Mokona a nan, ya fito ta bakin baƙar Mokona a can.

Habu (Kusiri): Wato in sayi juzu'i 28, sannan a ce sai na ƙara 19 kafin in gane na farkon? Ai wannan shi ne cinikin da ya fi na Yuko tsada. Matan nan 'yan kasuwa ne, na sara musu.

Madam Zainabu (Marwa): Na shigo a makare, muna gyaran takardun jarrabawa. Habu yana da gaskiya a kan juzu'an ƙarshe, kuma ba a labari kaɗai matsalar take ba, har a zane. Daga 24 zuwa sama akwai shafukan faɗa da za ka juya littafin sama da ƙasa ba ka gane hannun wa ke nan, ƙafar wa ke nan ba. Baƙin tawada da layuka sun cinye mutanen. Ga kuma doguwar ƙafa da suke ba kowa, Kurogane in ya miƙe kamar giginya.

Amma Balarabe, ni ban yarda a jefar da littafin saboda Tokyo ba, kuma dalilina ba Shaolan ba ne, Fay ne. Ina koyar da yara 'yan aji na ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, kuma kowace shekara akwai mai irin halinsa: shi ne mai ba aji dariya, kullum fara'a, ba ka taɓa jin ya faɗi abu ɗaya a kan gidansu. Rabin farko na littafin an bar mu muna dariya da shi yana tsokanar Kurogane da sunaye iri-iri. Kurogane ne kaɗai ya gane murmushin nan ƙofa ce a kulle. Bayan an raya shi ba da sonsa ba, ya farka, sai ya gaishe da Kurogane da cikakken sunansa, ba tsokana. Ban taɓa ganin an nuna fushi da ladabi haka ba. Duk wanda ke da abokin wasa ya san ranar da ya kira ka da sunanka na yanka ya gaishe ka da kyau, to akwai magana. In ba a yi juzu'i 14 ana wasan ba, wannan gaisuwar ba ta da nauyin komai.

Hauwa'u (Garwa): Me ya same shi a gidan nasu, Madam?

Madam Zainabu (Marwa): Tagwaye ne aka haifa a gidan sarautar wata ƙasa mai ƙanƙara, Valeria, inda ake ɗaukar tagwaye a matsayin annoba. Aka kulle ɗaya a ƙololuwar hasumiya, aka jefa ɗayan a kwarin da ake zubar da gawarwaki a gindinta. Ɗaya ne ya fita da rai, kuma sunan da yake amfani da shi na ɗan'uwan ne da ya mutu, nasa Yui. Sarki Ashura na Seles ya ɗauke shi ya rene shi, shi ma da tasa manufar. Duk tafiyar nan da yake yi, a ransa yana fatan ya dawo da ɗan'uwansa.

Hauwa'u (Garwa): Subhanallahi. Ni da nake da Hassana da Usaina a ɗaki, wannan ba zan iya karanta shi da dare ba.

Malam Isa (Njamena): Madam ta taɓo abin da ni ma ya riƙe ni, wato zaman ayarin. Bari in faɗi wani abu, ku yi haƙuri da tsawon tsoho. Yawancinmu Hausawan Chadi in ka bi asalinmu za ka tarar da hanyar hajji. Kakana daga ƙasar Kano ya taso a ƙasa, shi da wasu da bai san su ba sai a hanya. A wancan zamani ba a cewa wata kaza za a isa. A zo gari, guzuri ya ƙare, a zauna a yi ɗinki ko fawa ko koyar da allo, a tara abin da za a tara, a ƙara gaba. Daga Borno a ƙetaro zuwa Fort-Lamy, wadda sai a 1973 ta zama Njamena, a bi ta Abeshe, a shiga Darfur, wasu su tsaya noman auduga a Jazira ta Sudan, masu rabo su kai Suwakin su hau jirgin ruwa. Kowace ƙasa da harshenta, da kuɗinta, da abin da ake ɗaure mutum a kansa. Har yau akwai garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, na mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi a 1903. Kakana bai wuce nan ba, ya yi aure, ga mu.

Abin da yake faɗa wa mahaifina shi ne, a irin wannan tafiya ba ka zaɓen abokai, kuma ba so ne ke fara haɗa ku ba, bashi ne. Wannan ya ɗauke ka ranar da zazzaɓi ya kayar da kai, kai ka biya masa fito a kogi. Kafin a shekara ba mai iya lissafa wa ke bin wa, daga nan an zama dangi. Da na ga waɗannan huɗun suna isa gari ba ko sisi, su sayar da tufafinsu, su buɗe ɗan shagon shayi a Oto, su shiga tseren jirage a Piffle don kyautar gashin, sai na ce wanda ya rubuta wannan ya san tafiya. Saboda haka Habu, ruɗewar lissafin da kake kuka da ita, a tsakanin su huɗun ni ban ɗauke ta aibi ba.

Habu (Kusiri): Allah ya jiƙan kaka, Malam. A tsakaninsu na yarda. Tsakaninsu da marubutan ne ban yarda ba.

Usmanu (Marwa): Ni abin da na fi so a katun shi ne ranar da Mokona ta yi nisa da su, kowa ya koma yaren garinsu, Fay na magana Kurogane na zare ido. Na ce wannan ai ni ne ranar farko a Kusiri, ina Fillanci ana mayar mini da Larabcin Shuwa.

Habu (Kusiri): Da ka neme ni, kuɗin tafinta kaɗan ne. Kuma a littafi abin ya fi haka, akwai inda su biyun suka faɗa wata ƙasa ana yaƙi, suka yi watanni ba Mokona, Fay ya zama kamar bebe sai Kurogane ke magana a madadinsa.

Balarabe (Garwa): To na ji duka. Madam ta ɗan sassauta ni a kan Fay. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini: yaron da na bi tun juzu'i na 1, an mayar masa da haƙƙinsa ko ba a mayar ba? Kada a ce mini an sake haifarsa. Ina nufin shi, da Sakurar da ya ɗauko a hannu cikin ruwan sama.

Maryama (Ngaundere): Ba a mayar ba, in haƙƙin da kake nufi shi ne ta tuna yarintarsu. Abin da aka ba Yuko ba ya dawowa. Akwai ma inda Sakura ta kusa haɗa zaren da kanta, ta fara gane cewa wanda babu shi a tunaninta shi ne wannan yaron, nan take abin ya sake gogewa. Abin da ya samu shi ne ta sake son sa daga farko, a hanya, ba tare da ta san tsohon ba. A ƙarshe kuma, da Fei Wan ya mutu, su biyun da ya ƙera suka ɓace, gashi biyu kawai suka bari. Shaolan na ainihi ya ɗauki alkawarin nemo hanyar da za su samu jiki. Kuma don ya fita daga inda suka maƙale shi da Watanuki, kowa ya biya: Watanuki ba zai bar shagon ba, Shaolan ba zai zauna wuri ɗaya ba. Kurogane da ya yi ta ihun gida, da Fay, suka bi shi. Sakura ta ainihi ta tsaya a Clow.

Balarabe (Garwa): Wato bayan juzu'i 28 ko aure ba a ɗaura ba.

Madam Zainabu (Marwa): Kai dai fim ɗin Kano ya ɓata ka.

Habu (Kusiri): To ga hukuncina a kan wanda ya fi biya, tunda ni na tayar da zancen lissafi. Ba Shaolan ba ne, ko na aro ko na ainihi, don shi yana yawo da abokai kuma yana iya leƙa Clow. Watanuki ne. Bai nemi a mai da lokaci baya ba, bai san ma an yi ba, a kansa aka ci bashin, shi aka bari da gadin shago.

Maryama (Ngaundere): Shi ya zaɓi zaman, Yaya Habu, don yana jiran Yuko. Ba wanda ya ɗaure shi.

Habu (Kusiri): Yana jiran wadda Malam ya gama gaya mana ba ta dawowa. In wannan zaɓi ne, to ni ma da zaɓina nake biyan haya.

Malam Isa (Njamena): Ni kuwa da za a tambaye ni, Sakurar da aka bari a gida. Kakata ta wajen uwa haka aka bar ta a wani gari da alkawarin za a dawo. Littafin bai tsaya a kanta sosai ba, kuma nan ne na ga gazawarsa. Ita kuwa wadda aka yi tafiyar da ita, ta yi rabin labarin tana barci, ta farka ta yi jarumta a Tokyo da ƙasar Infinity, sai kuma aka raba ranta da jikinta aka mai da ita kayan da ake ƙwace.

Madam Zainabu (Marwa): Wannan gaskiya ne Malam, kuma abin mamaki mata ne suka rubuta. Amma mujallar ta samari ce, sun san wa suke sayar wa.

Hauwa'u (Garwa): Duk kun tona mini, amma yanzu ne ma nake son karantawa. A ina ake samu da Faransanci?

Sadiku (mai kula da zaure): Kamfanin Pika ne ya fitar da shi a Faransa. Nan arewa samunsa a kanti sai an dace, yawanci sai an yi saƙo daga Yawunde ko Duwala. Ki fara tambaya a laburaren Aliyans, cibiyar Faransanci ta Garwa, ko suna da shi. Akwai kuma ci gaba mai juzu'i 3 da suka yi daga 2014 zuwa 2016, amma kada ki taɓa shi sai kin gama na farkon.

Maryama (Ngaundere): Anti, ina da 1 zuwa 12 a ɗakina a Dang, sauran a waya na karanta. In an yi hutu zan ba direban mota ya kawo miki Garwa, da sharaɗin Hassana da Usaina ba za su gan su ba, don na 7 ma bangonsa ya riga ya cire.

Balarabe (Garwa): In sun iso a biyo da su ta wurina tukuna, ina son in ƙirga yaron nan na cikin bututu da Maryama ta ce an yi ta nunawa. In bai kai sau uku ba, za a sake zama.

Usmanu (Marwa): Wani ya turo mini kashi ukun nan na Tokyo. Amma da rana zan kalla.